Haruffa Uku da Suka Jinkirta Yayata

Ranar wata Talata, bayan sallar magariba, Kawu ya miƙe daga kan buzunsa zai shiga ɗaki, sai ƙafar dama ta ƙi ɗaukarsa. Kafin mu isa asibiti da shi hannun ma ya saki, baki ya karkace. Likitan da ya duba shi ya ja mu gefe, ya faɗa mana sunan ciwon da haruffa uku na Faransanci: AVC. A Maraɗi duk wanda ya zauna a aji, ko ya taɓa jinyar tsoho, ya san abin da haruffan nan ke nufi. Shi ne ciwon da Bahaushe ke kira shanyewar ɓarin jiki, inda jijiyar jini ke toshewa ko ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa, sai sashen jikin da wurin ke sarrafawa ya daina aiki.

Da yake ni ne malamin makaranta a gidan, ni aka ɗora wa sanar da dangi. Ina tsaye a barandar asibitin, hannuna na rawa, na rubuta saƙo guda na tura wa duk wanda ya zo mini a rai: "Slm. Kawu ya samu AVC yau da magariba. Muna CHR. A taya mu da addu'a." CHR ɗin shi ne yadda muke kiran babban asibitin jiha a taƙaice. Cikin ƴan mintuna waya ta fara ƙara. Wasu suna salati, wasu suna tambayar ɗakin da aka kwantar da shi. Can wajen ƙarfe goma sai ga amsar babbar ƴarsa, wadda nake kira Yaya: "Masha Allah! Allah ya taya shi riƙo, ya sa a gama lafiya."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da Yaya taubasai ne, ɗan mace da ƴar namiji, tun muna yara ba ma haɗuwa sai da tsokana. Na ɗauka wasan taubasantakar ne ta kawo inda bai kamata ba. Na cusa wayar a aljihu ban ba ta amsa ba, kuma ban gaya wa kowa ba, don kada in ƙara wa mutanen gida damuwa. Su kuwa kowa ya sakankance cewa labari ya isa gare ta, tunda na ce na tura.

Abin da na manta shi ne, Yaya ba ta taɓa zama ajin Faransanci ba. Tana ƴar shekara biyar wata gwaggonta ta ɗauke ta riƙo zuwa Kano. Can ta yi karatu da Ingilishi, can ta yi aure, can take koyarwa. A ƙasar da ta tashi, in aka ce dattijo "ya samu" wasu manyan haruffa uku, to muƙami ne ko lambar girma. Mataimakin shugaban jami'a DVC ne, lambobin girma na ƙasa kuwa su ne irin su MFR da OON da CFR. Ga shi Kawu tsohon ma'aikaci ne da ba ya rabo da tarurrukan waɗanda suka yi ritaya. Sai ta haɗa lissafinta: an ba shi wani matsayi, ana shagali a wani ofishi mai suna CHR, ana neman addu'a kamar yadda aka saba. Ta kira wayarsa ranar Laraba ta ji ta a kashe, ta ce hidima ce ta yi masa yawa.

Ranar Larabar nan Kawu yana iya magana, ko da yake harshen ya yi nauyi. Sau biyu ya tambaye ni ko ta taso, sau biyu na ce masa tana hanya, ina jin haushinta a zuci. Ranar Alhamis da hantsi ta kira ni da fara'arta, wai in miƙa masa waya ta yi masa murna. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Daga Kano zuwa Maraɗi, ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa, tafiya ce da ba ta cin yini. Ta iso bayan isha'i a daren, amma tun da asubahin ranar maganar Kawu ta ɗauke. Ya gane ta, ya riƙe hannunta da hannunsa na hagu, bai iya ce mata komai ba.

Bayan kwana biyu, muna zaune a gindin dogon yaro a harabar asibitin, ta ce da ni, ba cikin faɗa ba: "Ƙanena, kai da kake koyar da Hausa, me ya hana ka gaya mini da Hausa?" Na ce, "Yaya, ke ma me ya hana ki tambaye ni?" Ta ce kunya ta ji a ce malama guda ba ta san abin da ga alama kowa ya sani ba, kuma ta san in ta tambaya, sai na shekara ina yi mata dariya. Tun daga wannan zama nake lura da taƙaitattun sunaye a rubutunmu, kuma abin da na tara ne nake son in ajiye wa ɗaliban Hausa a nan.

Da farko ya kamata mu rarrabe su, domin ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ake tsintar harafin farko na kowace kalma a karanta su ɗaya bayan ɗaya, kamar BBC da AVC. Akwai wanda haruffan ke haɗuwa su ba da abin da harshe zai iya furtawa kamar kalma, irin su UNICEF da SIDA. Akwai wanda gaɓoɓi aka yanko aka liƙa, kamar NIGELEC, kamfanin wutar lantarkin Nijar. Sannan akwai gajarta kalmar Hausa ita kanta a rubuce, alhali in an zo karantawa cikakkiyarta ake faɗa, kamar Alh. a madadin Alhaji, Mal. a madadin Malam, da dss a madadin "da sauransu". Kowannensu yarjejeniya ce tsakanin mai rubutu da mai karatu. In ɗayansu ba ya cikin yarjejeniyar, abin da ke kan shafi zane ne kawai.

Hausa ta daɗe tana karɓar irin waɗannan baƙi, kuma in ta karɓe su tana yi musu kaciya irin tata. A zamanin mulkin Ingilishi, hukumar gargajiya da ake rubutawa NA ta zama En'e, jami'in mulki DO ya zama Di'o. Ku lura da alhamzar da ta shiga tsakanin wasulan, domin gaɓar Hausa ba ta farawa da wasali tsura. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, a bakin talaka Nefu ce, saboda Hausa ba ta bambanta p da f. Kuɗin da muke kashewa, wanda aka ƙirƙiro a 1945, haruffansa CFA ne, da lafazin Faransanci se, ef, a, muka dunƙule su muka ce sefa. Ma'anar haruffan ma ta sauya bayan mulkin mallaka, kuma abin da suke nufi a Yamai daban yake da abin da suke nufi a Injamena, amma mai sayar da goro bai taɓa buƙatar sanin wannan ba. Haka hukumar wutar Nijeriya da aka kafa a 1972 aka sauya mata suna a 2005, har yau in fitila ta mutu a Kano sai ka ji an ce Nepa ta ɗauke. Irin waɗannan sun gama zama kalmomin Hausa. Ba sa neman bayani, kuma a rubuta su kamar kowace kalma ya fi dacewa. Ma'aunina a nan mai sauƙi ne: in tsohuwar da ba ta yi boko ba tana faɗinsa a kasuwa, ya zama ɗan gida.

Matsalarmu tana ga waɗanda ba su zama ƴan gida ba tukuna, kuma ta fi tsanani gare mu saboda ta ƙofa biyu suke shigo mana. Tarurrukan daidaita rubutu, irin na Bamako a 1966 da na Yamai a 1980, sun kusanto da haruffanmu, har ɗalibin Damagaram yana karanta littafin Zariya ba tare da wahala ba, in ban da ɗan bambancin ƴ da 'y. Amma sunayen hukumomi da cututtuka da jarrabawa kowace ƙasa da harshen da ta gada take taƙaita su. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda aka kafa a 1948, WHO ce a Katsina, OMS ce a Tawa. Majalisar Ɗinkin Duniya UN ce a can, ONU ce a nan. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma da aka kafa a Legas a 1975, ECOWAS ce ga wasu, CEDEAO ga wasu, shi ya sa za ku ji gidajen rediyon da ke watsa wa ɓangarorin biyu shirye-shirye suna faɗin duka biyun a jere. Hukumar zaɓe INEC ce a Abuja, CENI ce a Yamai. Ɗalibin nan yana zancen BEPC, na can yana zancen WAEC da JAMB.

Sau da yawa ma haruffan ɗaya ne, jerinsu ne ya juya: AU da UA, IMF da FMI, NGO da ONG, HIV da VIH, NATO da OTAN. Dalilin kuwa na nahawu ne. Ingilishi yana gabatar da siffa kafin suna, Faransanci kuwa yawanci suna yake fara kawowa, abin da ke bayyana shi ya biyo baya, kamar dai yadda muke cewa Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Daga baya na gano cewa ciwon Kawu ma haka yake: abin da likitanmu ya rubuta AVC, takwaransa na Kano CVA zai rubuta. Ko da hakan na tura wa Yaya, da wuya ta gane, domin harshen likitoci ne, ita kuwa malamar firamare ce. Hausa kaɗai ce muka yi tarayya a kanta, ita ce kuma na tsallake.

Ko a cikin ƙasa guda haruffa suna karo da juna. AS a bayan sunan wani annabi addu'ar aminci ce, amma a takardar gwajin jini kafin aure tana nuna mai ɗauke da ƙwayar halittar sikila. Ƙaramin dss "da sauransu" ne, babban DSS kuwa hukumar tsaron farin kaya ce a Nijeriya. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ABU ce, amma in waya ta mayar da haruffan ƙanana, "ɗana yana ABU" ya koma "ɗana yana abu". Wannan abin dariya ne, amma yana nuna cewa babban baƙi a nan yana ɗauke da ma'ana, kuma sakaci da shi yana sauya zance.

Mai tambaya zai ce, ai jaridu da littattafai ma suna amfani da taƙaitattun sunaye, me ya sa na ware rubutun waya da intanet? Dalilina shi ne, rubutun takarda yana da gida, na waya kuwa matafiyi ne. Jaridar da aka buga a Yamai yawanci a hannun wanda ya san Faransanci take ƙarewa. Saƙon WhatsApp kuwa da ka rubuta wa abokin aikinka da safe, kafin azahar yana iya kasancewa a Kumasi ko Garwa ko Jidda, a hannun wanda ba ka taɓa tunani ba. Kuma ba ya tafiya da jikinsa duka. Wani sakin layi guda zai yanko, wani hoton allon wayarsa zai ɗauka, wani daga wurin bincike zai faɗo tsakiyar rubutun, bayanin da ka yi a sama bai gan shi ba. Ga shi ba ka ganin fuskar mai karatu. In kana magana da mutum ka ga ya yamutsa goshi, nan take za ka gyara. A waya kuwa shiru za ka ji, ko ka samu amsar da za ka yi wa mummunar fahimta, kamar yadda na yi.

Akwai kuma masu karatu da kunne. A gidajenmu da yawa yaro ne ke karanta wa kakarsa saƙo. In ya iso kan haruffan da bai sani ba, ko ya tsallake su ko ya ƙirƙiro musu ma'ana. Makafi ma suna amfani da manhajar da ke karanta musu abin da ke kan allo, ita kuwa in ta gamu da tarin baƙaƙe babu wasali, abin da za ta furta ba ya kama da maganar kowa. Duk waɗannan mutane suna cikin masu karatunka, ko ka yi niyyarsu ko ba ka yi ba.

Gajarta kalmomin hira, irin su slm da ykk da lfy da ngd da gsky, tana da tarihinta, kuma ba lalaci ne ya haife ta ba. Gajeren saƙon waya haruffa 160 yake ɗauka, in ka wuce ko da ɗaya ne kuɗin saƙo biyu za a cire maka. In ma ka sa harafi mai lanƙwasa, ɓ ko ɗ ko ƙ, iyakar tana faɗowa zuwa 70, domin haruffan ba sa cikin jerin da aka tanadar wa saƙon tun asali. Wayoyin lokacin kuma sai ka danna maɓalli guda sau huɗu kafin s ya fito. Wanda ya yi tsimin haruffa a wancan zamani yana da hujja. Yau hujjar ta kau, ɗabi'ar ta zauna. Kuma Hausa ba ta jure zubar da wasula kamar wasu harsuna, domin tun asali rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Mai karatu da ma yana cike giɓi biyu da kansa, sai ka ƙara masa na uku. In ka rubuta gd, gida kake nufi ko gado ko gudu? In ka rubuta bb, Baba ne ko babba ko babu? Wanda ya rubuta "ya rs" ya bar mai karatu tsakanin ya rasa da ya rasu. Ban hana aboki gaisawa da abokinsa da slm ba. Amma ka sani dattijo yana iya karanta shi a matsayin raini, kuma ta'aziyyar da aka cire wa wasula ba ta sanyaya zuciyar kowa.

Magabatanmu masu rubutu da alƙalami da tawada sun fi mu buƙatar tsimi, domin takarda tana da tsada, kuma kowane kwafi da hannu ake yin sa. Sun taƙaita, amma da ladabi. Jalaluddin Suyuɗi, malamin Alƙahira da ya rasu a 1505, wanda ya taɓa aiko wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, a littafinsa na hadisi Aljami'us Sagir harafi guda ko biyu yake sa wa kowane mai ruwaya: ha mai ruwa ga Buhari, mim ga Muslim, dal ga Abu Dawuda, ta ga Tirmizi. Sai dai kafin ya kawo hadisi ko ɗaya, ya jera alamomin a gabatarwa ya faɗi abin da kowace ke nufi. Ya ba ka mabuɗi kafin ya rufe ƙofa. Sun kuma san akwai abin da ba a taƙaitawa. Ibnus Salah, wanda ya rasu a 1245, ya gargaɗi masu kwafar hadisi da kada su mayar da salatin Annabi ƴan haruffa. Har yau akwai malaman da ba sa son ganin SAW da SWT a rubutun boko saboda wannan dalili. Ko wane ra'ayi mutum ya bi, darasin da ɗalibin rubutu zai ɗauka shi ne, nauyin magana yana da hannu wajen yanke ko za a gajarta ta.

Ga ƙa'idojin da na ɗora wa kaina tun daga lokacin, waɗanda kuma nake koya wa ɗalibaina.

Ta farko, in Hausa tana da sunan abu, da shi nake farawa. Hawan jini ya riga HTA da BP zuwa kunnen mutane. Ƙanjamau ya fi SIDA da AIDS isa ko'ina. Bautar ƙasa ta fi NYSC saurin shiga kan ɗan Damagaram da ke karanta labarin da aka rubuta a Kaduna. Sau da yawa in na rubuta sunan Hausar sai in ga haruffan ba su da sauran aiki.

Ta biyu, in haruffan suna da aiki, a ambato na farko ina kawo cikakken sunan da Hausa, sannan in biyo da su: Hukumar Lafiya ta Duniya, wato WHO ko OMS. Daga nan ina iya ci gaba da guda ɗaya. Kuskuren da nake yawan gani shi ne mutum ya warware haruffan da Ingilishi ko Faransanci ya wuce, yana ganin ya yi bayani. Wanda bai san harshen ba, duhu ka fassara masa da duhu.

Ta uku, ina tambayar kaina ko mai karatu zai sake gamuwa da haruffan a rayuwarsa. In zai gan su a ƙofar ofishi, ko a takardar da zai cike, ko a katin asibiti, ko zai buƙace su wajen bincike a intanet, to ɓoye masa su zalunci ne. Wanda aka tura ƙaramin asibitin unguwa a Nijar yana bukatar sanin cewa CSI zai gani a allon ƙofa. In kuwa sau ɗaya sunan zai fito a rubutuna kuma ba zai amfane shi a gaba ba, ina barin haruffan.

Ta huɗu, duk guntun da zai iya tafiya shi kaɗai, ina ɗaukarsa a matsayin sabon rubutu. Bayanin da ke ƙarƙashin hoto, da sanarwar da za a tura rukuni, da kowane kashi na dogon rubutu da ake sakawa kullum, kowanne yana buƙatar nasa bayanin. Kanun labari wuri ne mai ƙunci, shi ya sa ake ganin MDD a madadin Majalisar Ɗinkin Duniya, amma jimlar farko ta labarin dole ta biya bashin da kanun ya ci.

Ta biyar, ina tsayawa a kan siffa guda. In na fara da manyan baƙaƙe babu ɗigo, haka zan ƙare. Ba na rubuta UNICEF a sama, Unicef a tsakiya, U.N.I.C.E.F. a ƙasa, domin mai karatu yana iya zaton abubuwa uku ne.

Ta shida ta nahawu ce, kuma ɗalibai suna yawan tuntuɓe a kanta. Haruffa ba su da jinsi, amma jimlar Hausa ba ta tafiya sai da shi. Jinsin da nake bi shi ne na kalmar Hausar da ke jagorantar cikakken sunan. Hukuma tamace ce, don haka WHO ta yi gargaɗi. Asusu namiji ne, don haka IMF ya ba da rance. Banki namiji ne, ƙungiya da jam'iyya da majalisa mata ne. Wannan wani amfani ne na kawo cikakken suna tun farko, domin shi ke gaya wa mai karatu dalilin "ya" ko "ta" da zai gani a gaba. Haka nan ba na liƙa wa manyan haruffa mahaɗin -n ko -r, domin yana rikita ido. Maimakon haka ina amfani da na ko ta a ware, in ce CENI ta Nijar, ko in dawo da kalmar Hausar in ce hukumar zaɓen Nijar.

Ta bakwai ita ce wadda na saya da tsada. Labarin ciwo, da rasuwa, da kuɗi, da ranar tafiya, da wurin haɗuwa, ba na taƙaita komai a cikinsu. Ina rubuta su kamar ina gaya wa tsohuwa baki da baki. In kuma amsar da ta dawo ba ta dace da saƙon ba, ba na fara zargin mai amsar. Ina komawa in karanta abin da na rubuta da idon wanda bai san abin da na sani ba, sannan in kira shi.

Akwai aikin da nake ba ɗalibai a makon farko. Kowa ya ɗauko labari guda na Hausa daga intanet, ya ja layi a ƙarƙashin duk taƙaitaccen sunan da ke ciki, ya rubuta ma'anarsa da Hausa ba tare da ya duba ko'ina ba. Yawancinsu suna mamakin yawan waɗanda suka shekara suna karantawa, har suna faɗa, ba su san abin da suke nufi ba. Sannan in ce su sake rubuta labarin yadda ɗan'uwansu na ƙetaren iyaka zai gane shi. Rubutun yakan ƙara tsawo da layi biyu ko uku. Ban taɓa jin wanda ya karanta ya yi kukan tsawon ba.

Mai karatu ma yana da nasa rabon. Matambayi ba ya ɓata, kuma da Yaya ta rubuto mini kalma biyu, "mene ne?", da ta kwana a Maraɗi ranar Laraba. Amma na daina jingina da wannan. Mutane ba sa son nuna rashin sani, musamman masu ilimi, musamman a gaban na ƙasa da su. Mai rubutu shi ya san abin da yake nufi, shi ke da damar zaɓen kalma, don haka kaso mafi girma na nauyin a wuyansa yake. Na taƙaita ne don sauri, saurin kuwa ya haifi nawa ta kwana biyu.

Na sha sake rubuta saƙon nan a zuciyata. Ga yadda ya kamata ya kasance: "Assalamu alaikum Yaya. Kawu ba shi da lafiya, ɓarin jikinsa na dama ya shanye yau da magariba. Muna babban asibitin Maraɗi. Yana magana, amma da ƙyar. Ki taho gobe in da hali." Wata rana na gwada buga shi a waya ina duban agogo. Bai kai minti guda ba.

Kawu ya ƙara shekara guda da ƴan watanni a duniya. Maganarsa ba ta dawo ba, in ban da ƴan kalmomin da sai wanda ya saba da shi ke ganewa. Yaya tana zuwa duk hutun makaranta, ta zauna kusa da shi tana ba shi labarin jikokinsa, yana gyaɗa kai. Ba ta sake tayar mini da zancen saƙon ba, kuma wasan taubasantakarmu ya dawo, sai dai akwai wurin da dukanmu ba ma taɓawa. Ranar da Allah ya karɓi abinsa, da asuba, aka sake cewa ni zan sanar da dangi. Na fita ƙofar gida na kira ta, na jira ta amsa sallama, na tambaye ta ko tana zaune, sannan na gaya mata da Hausa. Allah ya jiƙansa, ya sa mu dace.